Idon Kuwanish

Shekara ashirin da shida Kuwanish ya yi yana kwasar masu hawan dutse daga garin Olgi zuwa gindin duwatsun Altai, a tsohuwar motarsa ƙirar Rasha. Can babu titi, sai sawun taya, da laka, da koguna masu sanyin ƙanƙara. Shi bai taɓa hawa dutsen ba. Yakan kafa wa baƙi tanti, ya dafa musu shayin madara da gishiri, ya zauna gadin kaya har su sauko.

Da yanar ido ta fara rufe masa gani bai gaya wa kowa ba, har matarsa Gulsim. Gani yake hanyar ai tana kansa.

A wata shekara ruwa ya sauya mashigi. Ya ɗauko baƙi biyar da jagoransu Talgat, wanda shi ya koya wa riƙe sitiyari. Ya shiga ta inda ya saba, motar ta lume har ƙofa. Barguna, burodi da busasshen nama duk suka jiƙe sharkaf. Sai da makiyaya suka kawo raƙuma biyu aka janyo ta.

A bakin ruwan Talgat ya tara baƙin, ya ja da baya taku goma daga Kuwanish, ya ɗaga hannu.

"Aga, babban yaya, yatsu nawa?"

"Haba Talgat, a gaban mutane?"

"Faɗi mana, sarkin hanya. Ko in matso?"

"Uku."

Hannun a dunƙule yake. Wani baƙo ya tuntsire da dariya, yana ɗauka a waya.

Talgat ya ce, "Ashe kashe mu ka so yi. Miƙo makulli."

"Motata ce fa."

"Za a kawo maka har gida. Makaho ba ya tuƙi."

Suka tafi suka bar shi wurin makiyayan da jiƙaƙƙun takalma. Kwana huɗu ya yi kafin motar ɗaukar gashin tumaki ta rage masa hanya. Ya tarar hoton ya riga shi isa gari.

Da sanyi ya shigo aka yi masa aiki a babban birni, idon ya buɗe tar. Ya bi masu shirya tafiye-tafiye ɗaya bayan ɗaya da takardar likita. Kowa ya ba shi shayi, ba wanda ya ba shi aiki.

Yanzu faci yake yi a bayan kasuwa. Yawancin tayoyin na motocin Talgat ne, wanda yanzu shi ke kwasar baƙin. Direbobinsa ke kawowa, shi bai taɓa leƙowa ba.