Ɗakin Ƙasar da Kawu Ya Hana Ni Rushewa

Shekara tara ke nan da rasuwar Kawu Sanda, ƙanin mahaifiyata, maginin ƙasa a Lambara.

Lokacin da na samu aikin jinya a Bodinga, kaina ya kumbura. Na gina wa Inna ɗakin bulo da rufin kwano, na kuma ƙudura rushe tsohon ɗakinta, wanda Kawu ya ɗora da tubali, ya rufa da azara, ya shafe da makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa don hana ruwan sama cin bango. A ganina uwar ma'aikaci ta wuce kwana a ɗakin ƙasa.

Kawu ya zo ya zauna a bakin ƙofar. Ya ce, “Ɗana, kak ka taɓa ɗakin ga. Bari bazara ta wuce. In kana nan kan bakanka, ni da kaina zan kama maka.”

Na haƙura don kunya kawai. Bazarar ta zo, Inna kuwa tana da hawan jini. Wata rana da azahar na same ta a sabon ɗakin, zufa ta jiƙe ta sharkaf, ko magana ba ta iyawa. Muka kinkime ta zuwa tsohon ɗakin, wanda ke da sanyi kamar gindin randa. Kafin la'asar ta tashi zaune. Na tsorata ƙwarai a ranar. Kawu kuwa buhun ɓawon ɗorawa kawai ya sa na nemo masa, don ya sabunta shafen ɗakin.

Yau daga Shagari har Dandin Mahe kwano ne ke ƙyalli, masu ilimin gini kuma sun dawo suna yabon ƙasa, wai ta fi lafiya, ba ta ɓata muhalli. Da Kawu na nan, da ya tambaye su ko sun taɓa taka ta da ƙafarsu. Shi bai ƙi siminti ba, a harsashi yake son sa. Allah Ya jiƙansa, ya tsare min uwa a lokacin da ni mai takardar na kusa cutar da ita.

Inna na nan a ɗakinta har yau. Maginan ƙasa sun yi ƙaranci, don haka kowace shekara kafin damina nakan ɗauki hutu, in naɗe wando, in yi yaɓen da kaina. Bana da na gama, ta danna bangon da babban yatsa.

Ta ce, “Hannunka bai kai nashi ba. Amma shina riƙe ni.”