Ranar da Na Kife Jirgin Ɗana

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma ne, ranar Talata, an idar da la'asar. Mu uku ne a tsakar gida: ni, da mai ɗakina, da ƙanena wanda muke fita su tare. Ina ɗinkin raga, ita tana juya tarwaɗa a kan banda, shi kuma yana feƙe filafilin tuƙi. Sai aka yi sallama. Mata huɗu suka shigo, dangin mai ɗakina ne daga wajen Ngaski. Suka tuɓe takalma, suka ƙi tabarma, suka zauna a ƙasa. Babbarsu, wadda take gwaggo gare ta, ta dube ta ta ce, "Ya haƙuri, ɗiyata? Allah ya jiƙan shi."

Kafin in faɗi abin da ya biyo baya, sai na fara daga farko.

Ɗanmu na fari sojan ruwa ne. Ya gama sakandare a Yelwa, ya nemi aikin, aka ɗauke shi, aka horar da shi, aka tura shi kudu, bakin teku. Ni na ba shi izini. Uwarsa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, domin ɗan fari ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Yaron nan" take ce masa tun yana goye.

Kowa da nasa aikin a kansa. Ni nake amsa waya. In ya kira, ina tambayarsa salla, sannan lafiya, sannan yadda yake da na gaba da shi. Ina buɗe muryar wayar sosai, ita kuma ta juya mana baya tana tsince shinkafa. Nata aikin kifi ne. Ta zaɓi tarwaɗa masu mai, ta yi banda har su bushe ƙarau, ta daka yaji, ta shirya a kwali, ni in kai tashar Yelwa in ba direba. Wata rana ya ce a gaya wa Inna ta huta, kifi ya yi yawa a teku. Ba ta juyo ba, ta ce mini, "Gaya mashi na can duk gishiri ne."

Akwai kuma jirginsa, ƙaramin kwale-kwale mai koren fenti a goshi, wanda ya koyi tuƙi a ciki. Yana ɗaure a turkensa a bakin ruwa. Ya tsufa, yana yoyo. Kullum da safe uwarsa kan sauka da ƙwarya ta kwashe ruwan da ya taru. Ba wanda ya sa ta.

A shekarar da nake magana, ya kira ya ce jirginsu zai shiga teku, can babu sabis, kuma zai ɗauki lokaci, kada mu damu. Na maimaita mata, ta ji. Makonni suka wuce ba kira. Mutanen gari suka fara tambaya, ina ba su amsa iri ɗaya.

A ƙauyenmu ba a kife jirgin mai rai. In za a yi gyara, a gefe ake kwantar da shi a tokare. Sai wanda ruwa ya ci ake jawo nasa tudu a kife, ya zauna haka har a yi sadakar arba'in. Na san wannan tun ina yaro. Amma katakon gindin jirgin ya ruɓe, farin ruwa kuma, wato cikar kogi ta damina, ya kusa zuwa, kafinta ya ce ba zai iya canja gindi a kwance ba. Na auna maganar. Al'adar ta mai shiga wannan ruwa ce a cikin wannan jirgi, ɗana kuwa yana cikin jirgin ƙarfe na gwamnati, kuma ba addini ne ya hana ba. Da safen Talatar nan, bayan ta kwashe ruwa ta koma gida, ni da ƙanena da kafinta muka jawo shi muka kife. Na bar gaya mata sai bayan magariba. Da hantsi jirgin fasinja mai zuwa Wara ya wuce ta gabanmu. Na cikinsa sun san koren goshin nan, sun kuma san an daɗe ba a ji yaron ba.

Abin da ya kawo matan ke nan.

Na ajiye raga na yi musu bayani bi da bi: yaro yana teku, ba a kawo mana wani labari ba, jirgi gyara ake yi. Gwaggon ta saurara har na gama, sannan ta tafa hannu.

"Kai Malam, ka kife jirgin mai rai, ka zo ka zauna kana ɗinkin raga? Mun biya kuɗin jirgi mun sha kuka tun daga Wara!"

Ƙanena ya ce, "Gwaggo, ajiye sauran kukan, ni ma ban da lafiya sosai."

"Kai wa zai ɓata hawaye a kanka, mai kan gwano?"

Suka yi dariya, har da wadda ta fi kuka. Mai ɗakina ba ta yi ba. Ta kawo musu ruwa, ta ƙulla musu kifi, ta raka su ƙofa. Kafin magariba wasu mutum biyu sun sake zuwa da gaisuwar, ƙanena ya tare su a waje.

Da gida ya yi shiru ta tsaya a kaina ta ce, "Ranar da yaron nan ya kira, ka ba ni wayar."

"Mi za ki ce mashi?"

"Ya ajiye masu kayansu ya dawo gida."

Na gaya mata ba a barin aikin soja kamar yadda ake tashi daga kasuwa, wanda ya gudu kama shi ake yi. Na gaya mata yaron yana son aikinsa. Ta ce, "An yi mani gaisuwar shi ina zaune. Na ji yadda take. Ba ni jin ta sau biyu." Na san ɗana. Uwar da ba ta taɓa neman kome a wurinsa ba, in ta buɗe baki ta ce ya dawo, zai dawo, ko da ta gidan yari ne. Duk da haka na ce zan ba ta wayar, domin haƙƙinta ne.

Ban sake tayar da maganar ba. Na koma kan jirgin. Aka cire ruɓaɓɓen katako aka sa sabo, aka cusa auduga a tsagu, aka shafa kwalta, na sabunta koren fentin da hannuna. Muka mayar da shi ruwa, na ɗaure a turkensa. Na ce ta zo ta gani, ta ce tana da aiki. Wata safiya ina dawowa daga ɗaga raga, na hango ta zaune a cikinsa da ƙwarya a cinya. Jirgin a bushe yake, babu abin kwashewa. Na sauka ta wani wuri.

Ya kira ranar wata Juma'a da hantsi. Na yi tambayoyina, ya amsa. Sannan na miƙa mata. Ta goge hannu a zane ta karɓa da hannu biyu.

"Baba? Kana ji na?"

Ta yi gyaran murya.

"Inna? Inna, ke ce?"

"Ka ci abinci?"

Ya yi dariya har wayar ta yi ƙara. Ya shiga zuba. Kifin ya ƙare tun ba su yi nisa ba, abokansa sun cinye. Wani ɗan kudu da suke ɗaki ɗaya yana roƙon yaji, ko da yake in ya ci sai ya yi hawaye. Ya ga kifi wanda ya fi jirginmu na su tsawo. An yi iska, rabin mutane sun kwanta da amai, shi ko gezau. Ta bar shi ya gama. Sai ya ce, "Jirgina fa, yana nan?"

"Yana bisa ruwa."

Na jira maganar. Ƙanena ma ya daina abin da yake yi.

Ta ce, "Saurara. Duk ranar da za ku shiga teku, ni za ka gaya ma, ba ubanka ba. Ranar da kuka fito, ni za ka fara kira. Ka ji?"

"Na ji, Inna."

Ta miƙo mini wayar ta koma kan banda. Da yamma na tambaye ta abin da ya sa ta fasa. Ta ce, "Ba ka ji muryar shi ba? Wannan ba muryar mai son dawowa ba ce." Ta ƙara da cewa muddin tana numfashi ba za a sake kife jirgin nan ba, ko gindinsa zai zube. Na yarda.

Da ya zo hutu ya kawo mata waya tata. Yanzu ita take fara jin labari, ni in ji daga bakinta, in ta ga dama ta ƙara mini da abin da ya ci. Har yau ba ta kiran sunansa. Kwali yana tafiya tasha kamar da, sai dai yajin ya zama ƙulli biyu.

A yanzu da nake rubuta wannan yana teku, wayarsa ba ta shiga. Bana ma jirgin yana bukatar kwalta, kuma a gefe zan kwantar da shi. Daga tsakiyar ruwa ba kowane ido ne ke bambance kwantacce da kifaffe ba. Don haka ina roƙonka, in ka biyo ta gabarmu ka ga jirgi mai koren goshi a tudu, kada ka kai labari gaba, kada kuma ka shiga wurin uwarsa. Ka sa a tsaya, ka sauko, ka tambaye ni.