Dattijon da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya

Daga asibiti muke, ni da ƙanwata Radiya, ina ta murna. Likita ya ce ba rashin ji ba ne, hankalinta ne ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma akwai taimako.

A wani lungu cikin birni, ga dattijo a bakin zaure yana ɗinkin babbar riga. Ƙafarsa sai rawa take. Ya soka allura, ya miƙe, ya leƙa, ya dawo. Na ce a raina, ko shi ma ya sha duka yana yaro?

Radiya ta fizge ta taɓa zarensa. Kafin in tuna maganar likita, na kai mata ranƙwashi.

"Haba ɗana, bar ta," in ji shi. "Ni ma bulala ba ta zaunar da ni ba."

Ya miƙa mata zaren. Na kasa haɗa ido da shi.