Tumatir a Bayan Bango

Tun ranar da tukunyar turara shinkafa ta fashe a injinsa da ke Kura, yayana bai sake hura wuta a wurin ba. Ba tururin ne ya ji masa ciwo ba. Bangon bulon da ke tsakaninsu ne ya tarwatse, ɓaraguzan suka yage masa cinya. Ciwon ya warke, amma ko taya ce ta fashe a titi sai ka ga ya dafe ƙirji. Inji a rufe, ga iyali.

Ni kuwa lokacin ina ɗakin gwaje-gwaje a jami'a, inda muke kwaikwayon fashewa ba tare da nakiya ba. Dogon bututun ƙarfe ne ake ɗura wa iska har farantin da ya toshe bakinsa ya yage, iskar ta fito a fusace ta daki bangon gwaji. Nawa bangon na siminti ne da tokar buntun shinkafa, da ragar waya a ciki.

Na yi ta nuna masa sakamako a kwamfuta. Ya ce, "Auta, ke dai akwai surutu. Zane ne zai tare min dutse?" Wallahi na ji haushi. Na ce to ya zo ya gani da idonsa.

Ya zo kuwa, da kwandon tumatirin Kadawa, nunannu luguf. Na zaci tsaraba ce. Ashe so yake a jera su a bayan bangon. "Naman mutum bai fi wannan tauri ba," in ji shi. Malaminmu ya yi dariya, ya ce a jera.

Muka koma bayan gilashi, muka toshe kunnuwa. Na dubi yayana, na ce a raina anya ban yi ganganci ba?

Daram!

Da ƙura ta lafa, bangon ya tsage daga sama har ƙasa, ya yi ciki, amma bai watso ko tsakuwa ba. Tumatir sun gangare ko'ina. Yayana ya tsuguna yana tsinta, yana jujjuya kowanne. Guda ɗaya kacal ne ya fashe, shi ma shi da kansa ya taka shi da takalmi.

Ya daɗe a tsugune. Can, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Auta, in na tara buntun, yaushe za ki zo ki nuna wa magina? Shinkafar rani ta kusa shigowa."