Jan Layin Ɗakin Kotone

Kafin ta haifi Kotone, Chizuru direbar babbar mota ce, tana kai kifi daga Niigata har Osaka, ga bakin tsiwa, maza ma shakkarta suke. To yau ga ta nan, duniyarta kaf ba ta wuce tsawon tiyo ba.

Zuciyar 'yar ce ta gaza. Likitoci suka sa mata tiyo, suka haɗa ta da wata na'ura mai girman firji da ke harba mata jini, kafin a samu zuciyar dashe. A asibitin kuwa uwa ba ta matsawa daga ɗanta. Nan Chizuru ta tare, kan gadon da ko juyi ba a yi, abincinta dunƙulen shinkafar kanti. Ta tsani ɗakin nan, ba ta kuma ɓoyewa.

Da yarinya ta fara tafiya, Chizuru ta manna jan salatif a ƙasa, daidai inda tiyon ya ƙare.

"Kika tsallake nan, kin mutu. Kin ji ni?" Kullum sai ta faɗa, wani lokacin har da tsawa.

Bikin 'yan shekara uku ya zo, da ake fita da yara cikin kimono, rigar gargajiya mai ɗamara. Surukar Chizuru, Sumie, ta iso da nasu na gado.

"Mama, ina za ta da shi? Banɗaki?" in ji Chizuru.

"Bakin nan naki! Ke dai sa mata."

Ashe tsohuwa ta riga ta ji labari. Sai ga Likita Hoshino yana jan sabuwar na'ura mai batir, 'yar ƙarama kamar akwatin tafiya. "Maman Kotone, yau kam har farfajiya!"

Aka sauya na'ura, aka sassauta ɗamara saboda tiyo. Chizuru ta tsaya bakin ƙofa, cike da murna. "Zo, Koto, zo ki ga waje!"

Kotone ta tako, ta tako, ta ja birki a kan layin. Aka yi lallashi, aka nuna alewa, kaka har da waƙa. Ina! Chizuru ta durƙusa ta ɓare salatif ɗin da farce, amma shatinsa na nan raɗau a ƙasa.

Yarinya ta dubi shatin, ta dubi uwar.

"Ke kika ce zan mutu."

Chizuru mai tsiwa ta dawo ciki ta zauna kusa da 'yarta.