Babban Yatsan Goggo

Ƙarfe bakwai saura kwata take shiga masana'antar littattafan rubutu, ta rataye mayafinta a ƙusar da ta saba, ta tsaya a ƙarshen injin ɗinki. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Kowa Goggo yake ce mata, har manaja.

Aikinta in ka gani sai ka raina. Inji ya ɗinke tsakiyar littafi da waya biyu, ya turo. Ita kuma ta zari ɗaya a kowane ɗauri, ta buɗe tsakiya, ta shafa babban yatsanta a kan wayar. In bakin wayar ya kwanta, ɗauri ya wuce. In ya soke ta, ya koma. Shi ke nan, safe da yamma. Abokan aiki kan tsokane ta, wai ko ta kwanta ciwo yatsan zai zo aiki shi kaɗai. Sai ta ce gara wayar ta soki tsohuwa da ta soki ɗan aji ɗaya.

Mai yankan takarda, wanda suka fi shekara ashirin tare, ba ya gajiya da labarin ranar da ta kashe inji. Saura kwana uku a koma makaranta, manyan motoci biyu na jira a ƙofa, sai kan injin ya goce, waya ta riƙa fitowa baki buɗe kamar ƙaya. Littafi uku a jere suka fasa mata yatsa. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta danna jan maɓalli. Manajan lokacin sabo ne, ya sauko yana kumfar baki, wai wa zai lura da 'yar waya, ta kunna ko ta ɗauki mayafinta ta kama gabanta. Ga shi mijinta bai daɗe da rasuwa ba, 'ya'ya huɗu a wuyanta.

Ta buɗe littafi ɗaya ta miƙa masa.

"Ranka ya daɗe, shafa. In ka yarda 'yarka ta yi rubutu a ciki, sai in kunna."

Ya shafa, sai ga shi da yatsa a baki. Ranar har da shi aka zauna buɗe kwalaye ana danne waya ɗaya bayan ɗaya, motocin kuwa sai washegari suka tashi.

Bara aka kafa na'urar dangwala yatsa a ƙofa, don sanin wanda ya zo aiki. Ta karɓi kowa, ta ƙi Goggo, domin zanen yatsanta ya shafe sumul. Har yau da biro mai gadi yake rubuta ta zo.

Goggo, ke ce garkuwar ƙananan hannuwa. Ba a taɓa buga sunanki a bangon littafi ba, kuma yaran da kika tsare ba su san an tsare su ba. Mu da muka gani muna godiya, Allah ya saka da alheri, ya sa ki huta lafiya. Mai aikin da ba mai dubawa, don Allah ka yi shi kamar ɗanka ne zai taɓa.

Jiya matar da za ta gaje ta ta tambaye ta sirrin aikin. Goggo ta kama hannun matar ta duba babban yatsanta, ta ce: "Fara da na dama, 'yar uwa. In ya ƙare, akwai na hagu."