Marsiyyar da Na Kai wa Baffa Ilu

Kano
Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar Fagge, da akwatina da marsiyyar mahaifina Malam Audu, baiti arba'in. Wata uku ina gyaranta, ina taƙama ban maimaita ko kalma ɗaya ba. Burina in karanta wa ƙanensa, Baffa Ilu, wanda ya shekara talatin a Jidda. An ce tun da labarin rasuwar ya same shi ya kasa kuka. Jirgi ya tashi bakwai saura kwata, ya sha mai a Hartum.

Nuzla
Mun sauka bayan la'asar. Aka duba fasfo da katin allura, na hau tasi zuwa unguwar Nuzla, riyal biyu. Baffa ya tarbe ni da shinkafa da kifi.

Washegari da hantsi na gyara murya a tsakar gida. A baiti na sha biyu Baffa ya fara gyangyaɗi. Na ɗaga murya, ya ƙara nisa.

Bab Makka
Ganin na cika ina batsewa, Baffa ya kai ni wurin amininsa, wani tsoho ɗan Yaman mai sayar da yadi a kasuwar Bab Makka. Ba ya jin Hausa, amma ya kasa kunne ina karantawa, Baffa na tafinta.

Tsohon ya ce, "Ina amshin, inda ake komawa?"

Na ce, "Ai maimaici ragwanci ne."

"A San'a maƙwabtanmu Yahudawa ne. A tsofaffin waƙoƙinsu na Ibraniyanci sai su faɗi magana, su sake faɗinta da wasu kalmomin. Larabawan dauri ma sukan yi ta kiran sunan mamaci, baiti bayan baiti. Mai baƙin ciki ba ya ji a karon farko, ya waladi, yarona."

Kunya ta rufe ni, har na sayi yadin da ba na buƙata.

Nuzla kuma
Da yamma Gwaggo Asabe, matar Baffa, tana tsintar shinkafa ta ce, "Yalla, maza sake karantawa." Bayan kowane baiti sai ta amsa da layin da na fi rainawa, wanda saura kaɗan in goge: "Audu ya tafi, butarsa na bakin ƙofa."

A amshi na huɗu Baffa ya rufe fuska da hiraminsa, kafaɗunsa na rawa. Ya ce, "Halas, ɗana, ya isa." Na dakata da karatun. Sauran baiti talatin da shida ba wanda ya nema.

Gida
Bayan aikin Hajji na sauka Kano ranar Laraba da azahar. Inna ta ce, "Ya yi kukan?"

"Ya yi."

"Waƙar taka ce ta sa shi?"

"Layi ɗaya, Inna. Shi ma Gwaggo ce ta tsinto shi."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Allah Ya saka wa Gwaggo Asabe da mai yadi, Ya jiƙan Malam Audu.